Zauren da Yaya Yake Koyar da Zafi

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Dokta Mamuda, Allah ya jiƙansa. Bai bar mini dukiya ba. Abin da ya bar mini shi ne tsohon zauren ƙasa na gidanmu a Kwarbai, kuma riƙonsa ya gajiyar da ni.

Yaya malamin injiniyoyi ne a jami'a. Yana koyar da yadda zafi yake tafiya: ta ina yake shiga, ina yake maƙalewa, yaya za a kore shi ko a sa shi aiki a inji. Ni da na ƙare a aikin sakatariya ban taɓa gane lissafin ba, amma na san al'adarsa. Duk bazara, kafin ya rubuta wa sababbin ɗalibai komai a allo, sai ya ciko bas da su zuwa gidanmu da tsakar rana. Ya jera su a waje, kowa ya dafa bangon zauren da tafin hannu, ka ji ana ta wash. Sannan su cire takalma su shiga, su dafa ta ciki, su ji sanyi kamar jikin randa. Sai ya ce, "To, injiniyoyi, ina zafin ya tafi? Wanda bai sani ba, ba zai sha ruwan gidanmu ba." Innarmu ta yi ta mita wai ya mayar mata da gida makaranta, amma ita ce mai aiko da kunun zaƙi.

Bayan rasuwarsa, wata ɗalibarsa daga Wusasa da ta gaji darasin ta ci gaba da kawo yara, har ta daina. Ta ce aji ya yi yawa, bas ta lalace, yanzu a kwamfuta suke gani. Ban ga laifinta ba. Ni dai na ci gaba da yaɓe kafin kowace damina, maginan ƙasa suna ƙarewa, gwiwoyina ma haka.

Wanda ya matsa a rushe shi ne Nasiru, ɗan Yaya na fari. Ya gama karatu, ba aiki, ga iyali. Ya ce, "Baffa, zaure ba ya ciyar da kowa." Na yi ta ja masa rai har daminar bara ta cinye kusurwa guda. Ranar na ce a yi, kuma na bar unguwar na 'yan kwanaki don kada in gani.

Yanzu shaguna ne na bulo da kwano a wurin. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba na jin zai yi faɗa, don bai taɓa son ganin ɗansa a zaune ba. Zai dai tambaya me ya sa taga take kallon yamma, kuma ina silin.

Na ɗauka komai nasa ya tafi da zauren. Sai makon jiya da azahar, ba wuta, na ga Nasiru ya fito daga shago, riga sharkaf da gumi. Ya dafa bangon ta waje. Ya koma ya dafa ta ciki, ya janye hannu da sauri. Ya daɗe yana kallon tafinsa, sannan ya tako inda nake zaune.

"Baffa, wai a da ina zafin yake tafiya?"

Na buɗe baki, sai na tuna duk shekarun nan ni ke shiga ɗauko kunu idan Yaya ya fara ba da amsar.