Ɗan damben da ke cikin salular Issuhu

Jama'a, yau na ga ɗan dambe da ba uwa ta haife shi ba! Jikata Rabi ce ke rubuta mani, ku saurara.

Da hantsi na iske jikana Issuhu, ɗan wajen ɗiyata Hadiza, zaune bakin garka, lambunmu na albasa. Albasa ta yi yaushi ba ruwa, shi ko ya duƙufa bisa salula, wayar hannu, yana wasan yaƙin nan da suke yi da samarin Badagishiri. Na fizge ta!

Ya ce, "Kaka, don Allah! Takobin mutumina ya karye. In an kashe shi, duk abin da na tara tun damina ya tafi!"

Na ce, "A kashe shi."

Na riƙe salular, ko yatsa ban ɗora bisa gilashin ba. Sai ga wani ƙato da gatari ya taso ma ɗan mutumin nashi. Ya kawo sara, mutumin ya goce! Ya sake kawowa, ya goce, ya dunƙule hannu ya ɗirka mai ga haƙarƙari. Ƙato ya faɗi warwas! Hannu banza, wallahi!

Na ce, "A'uzubillahi! Wa ya taɓa shi?"

Ya ce, "Ba kowa, Kaka. Na daɗe ina horon shi dambe, har ya zauna mai ga jiki. In an kawo mai bugu, da kanshi yake ramawa."

Na dubi salula, na dubi albasa. Na ce, "Ashe bai buƙatarka. Ɗauki guga."

Salular ga ta nan bisa cinyata. Yanzu ma ya sake kada wani!