Sunan Ɗan Farin Hure

Kowa a unguwar Tandabawi ya san Hure mai sayar da hatsin tattabaru. Shekara talatin da huɗu ke nan da ta zo aikin Hajji daga Gumel, jirgi ya koma ya bar ta, ita kuma ko a jikinta. Ba ta da igama, wato takardar zama, saboda haka ta ƙware a gudu. Da ta hango motar kame, sai ta naɗe tabarma ta faɗa lungu. Ko gefen abayarta ba a taɓa riƙewa ba.

Ta auri Marwan, jikan alhazan Kano mai takardar ɗan ƙasa, amma auren bai je ofis ba. Kullum gobe zai yi wa ɗansu rajista, har ƙasa ta rufe masa ido.

Wata Lahadi da hantsi aka yi samame a tashar Kudai. Duk baƙar fatar da ba ta nuna takarda ba aka watsa ta mota, har da ɗan Hure, mai dakon kayan alhazai. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Maƙwabciyarta Mujahida ta ja ta wajen Tahani, lauyar wata ƙungiyar sa kai da ke bin kadin irin waɗannan kamammu kyauta.

"Hala, yaya sunansa?" in ji Tahani, alƙalami a hannu. Hala ita ce inna a Larabcinsu.

Hure ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne fa! Tun ran suna bakinta bai taɓa furta shi ba, kunya ta hana.

"Babangida," ta ce, sunan da ake kiransa da shi a gida.

Tahani haifaffiyar nan ce, Hausarta ta gaisuwa ce, ina ta san alkunya? Ta rubuta. Kwana tara tana bin gidajen tsaro, babu mai wannan suna. A na goma Mujahida ta leƙa takardar, ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Ai Abdulmuhaimin ne sunansa na yanka!"

A ranar aka same shi, amma bakin alƙalami ya kusa bushewa. An ɗauki zanen yatsunsa, an sa sunansa a jirgin Alhamis zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba, inda bai san kowa ba.

"Saura hanya ɗaya, Hala," in ji Tahani, murya ƙasa ƙasa. "Baffansa Talal ya yarda ya shaida jinin Marwan ne. Amma sai uwa ta bayyana da kanta. Wallahi ba zan yi miki ƙarya ba, in kin shiga, ban ce za ki fito ba."

"Shi zai fito, 'yar nan?"

"Wataƙila."

Tsoro ya kama Hure. Laraba da safe ta yi wanka, ta miƙa wa Mujahida mabuɗin ɗakinta, ta roƙe ta ta yafe mata. Ita da Tahani da Talal suka shiga tasi har ƙofar gidan tsaron.

Mai gadi ya duba katin Tahani, ya duba na Talal, sannan ya miƙo wa Hure hannu.

"Igama."

"Ba ni da ita," in ji Hure. "Ni ce uwar wanda kuka rufe."

Ya ɗaga waya ya kira na ciki.