Yatsun Noelene Bartolo

Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan shayi, Noelene Bartolo takan zauna a bakin ƙofar kicin ta duba farcenta. Idan ya ɗan leƙo, ta yanke. Sannan ta sa rigarta koriya, ta ɗauki burodinta, ta tuƙa tsohuwar motarta ta ratsa gonakin rake zuwa asibitin gaggawa na dabbobi da ke gefen garinmu, Mackay. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, har Lahadi, har ranar Kirsimeti. Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki.

Ba likita ba ce, nas ce. Sunanta ba ya kan allon da ke ƙofa. Na karanta littattafai da yawa masu jarumai, amma ban taɓa cin karo da wanda aka ce ƙarfinsa yana kan yatsunsa ba, sai a wajenta.

Duk mai kare ko kyanwa a nan ya san kaskar nan mai dafi, wadda ke shanye ƙafafun baya, ta hau ta kama maƙogwaro, ta ƙare a numfashi. Noelene tana da ƙa'ida a kanta: ana lalube daga hanci zuwa jela, da yatsu ba da ido ba, sau uku, kuma samun ta farko ba ya tsayar da nema. Maƙwabciyarmu Bev ta ce a tsakanin yatsun kyanwarta Noelene ta zaƙulo wata. Dakta Lachlan, wanda ya fi kowa daɗewa da ita, ya ce sau da yawa yakan gama duba dabba ya ce babu, ita kuma ta ce, "To, bari tsohuwa ta ɓata lokacinta," sai ga kaska a tafin hannunta.

Ni kuma ga abin da na gani.

Skipper karen kakata ne. Tun da ta rasu, kakana Des, da muke kira Pop, ya kusa daina magana da mutane. Da kare yake hira, shi yake ba wa labarin farashin rake, shi ke sa shi tashi da safe. Mu duka mun san idan Skipper ya tafi, Pop ba zai daɗe a tsaye ba.

Wata Lahadi a Oktoba, bayan abincin rana, Skipper ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Haushinsa ya dishe kamar na mai mura. Muka ɗora shi a bayan akori-kura, ni ina rungume da kansa ina kuka, Pop yana tuƙi yana zagin kowace danja.

A wurin ajiye motoci Noelene ta tarye mu.

"Kada ki ba shi ruwa, 'yata, zai ƙware. Des Farrugia, yaushe ya fara?"

"Ai na gama da ita tun jiya," in ji Pop. Ya ciro kwalin ashana daga aljihu, ya buɗe da alfahari. Kaska ce, ta ƙoshi. "A wuya na same ta."

"Ka ci gaba da nema?"

"Neman me? Ga ta nan."

"Shekara hamsin a gonar rake, kana ganin maciji ɗaya sai ka cire takalmi ke nan? Kawo shi ciki."

Likita ya yi masa allurar maganin dafin, aka sa masa ƙarin ruwa, aka aske shi tas, har ya koma kamar ɗan akuya. Noelene ta lalube shi sau ɗaya, babu. Wata nas ta lalube, babu. Numfashin Skipper kuwa yana ta yin nauyi.

"Na faɗa miki ɗaya ce," in ji Pop.

"Ka faɗa, na ji. Zauna, ka tare min haske."

Noelene ta rufe idonta. Wannan ba zan manta ba. Ta fara daga hanci, a hankali, kamar mai karanta wasiƙar da aka rubuta da ƙananan haruffa. Ta bi kunnuwa ciki da waje. Ta ɗaga leɓensa na sama ta zura yatsa can ƙurya, inda leɓe ya haɗu da dasashi, sai ta tsaya.

"Ga 'yar'uwarta."

Ƙarama ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ta cire ta, ta saka a kwalin ashanar Pop kusa da ta farko, ta rufe, ta mayar masa aljihu.

Kwana uku Skipper ya yi a asibitin. A na huɗu ya fito da ƙafafunsa, yana tangaɗi, ya yi fitsari a tayar motar likita. Pop ya yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun kakata tana da rai.

Noelene, ke ce mai ido a yatsu. Ke ce wadda ba ta yarda da "babu" sai ta taɓa da kanta. Kare kika duba ranar nan, amma tsohon da ke zaune a kujera kika maido mana. Mun gode, ni da Pop da duk wanda ya taɓa shigo miki a guje da dabba a hannu.

Masu karatu, ku koyi nata. Ku lalube dabbobinku kullum, hanci zuwa jela. Kuma kowane irin aiki ne a hannunku, kada ku tsaya don kun samu ta farko.

A walimar sallama, abokan aikinta sun ba ta kwalbar jan farce, suka ce yanzu sai ta tara farce ta huta. Jiya ta leƙo gidan Pop shan shayi. Skipper ya ɗora kansa a cinyarta, tana hira, hannunta yana bin bayan kunnensa. Na kalli farcen. A yanke yake.