Tafarnuwar Baba Ma tana cikin ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tayar da mota ɗansa ya kira ni: Baba Yusuf Ma ya rasu.

Kun san ni. Sakandare kawai na gama a Funtuwa. Da wanke kwanuka na fara a ƙasar nan, na koma tasi, yau ina da motocina da direbobina da gida a Springfield, nan Amurka. Ba wanda ya ɗaga ni sai Allah.

Amma kuɓewa ta gagare ni.

Baba Ma dattijo ne Musulmi ɗan China, sahu ɗaya muke sallah. Shi ya yanka mini rabin fegensa a lambun unguwa. Ruwan farko na sauka a watan Maris na shuka kuɓewa da yakuwa, yadda muke yi a gida. Sanyi ya ƙone su ƙurmus. Shekara ta zagayo na maimaita.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sani, kai ruwa kake bi, ni rana nake bi."

Su manoman China sun raba shekara kashi ashirin da huɗu bisa tafiyar rana, kusan mako bibbiyu, kowane da sunansa da aikinsa. Farkawar Ƙwari, a gyara ƙasa. Ruwan Hatsi, a fara shuka. Shigar Zafi, sannan kuɓewa. Na ce ai kakana ma da taurari yake lissafin damina. Ya ce, "To kakanka ya fi ka hankali."

A ranar da dare ya fi tsawo yakan kawo mini ƙullin fulawa da naman rago, wai kada sanyi ya cinye mini kunne.

Shi bai koma garinsu ba, jikoki da asibiti sun riƙe shi. Ni ma kullum ina cewa baɗi. Mogej, wato bashin gida, inshora, yaran da nake yi wa Hausa su amsa da Turanci. Daga gida sai babban titin Beltway, daga Beltway sai gida. A wannan ɗan fegen kaɗai nake shaƙar iska.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Saukar Raɓar Sanyi ce, ƙarshen Oktoba. Gwiwa ta hana shi durƙuso, yana nunawa da sanda ina binne tafarnuwa. Ya ce, "Kada ka tone ta sai rana ta kai tsawonta a watan Yuni. Kana da gaggawa."

Fegen da sunansa yake, ba nawa ba. Dokar lambu, in mai fege ya rasu a ba wa na gaba a layin jira, a nome komai.

Allah Ya gafarta maka Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

'Yan'uwanmu da ke kwamitin lambu, ban taɓa roƙon kowa komai ba a ƙasar nan. Ku rubuta Sani Funtuwa a kan fegen nan, ko zuwa watan Yuni ne. Tafarnuwar ba ta nuna ba.