Shekarun da Malam Ya Yi a Kwance

Shekarar da aka samu mulkin kai, mijina, da nake ce wa Malam, yana malamin kasuwa na En'e, wato hukumar gargajiya, a Tambuwal, shi ke yankan rasit. Albashin ba yawa, amma muna ci muna ƙoshi. Da damina ta zagayo sai ƙafafunsa suka fara kumbura, daga nan ciki ya bi. Malamin asibitin garin ya yi ta ba shi ƙwayoyi har ya gaji, ya ce mu tafi Sakkwato.

Zirga-zirgar Sakkwato ce ta cinye mu. Asibiti ba ya karɓar wani abin kirki, amma ga kuɗin mota, ga abincin mai jinya, ga allurar da za a ce babu sai a kanti. A tsiyaye masa ruwan cikin, mu dawo gida, kafin mu huta ya sake cika. Ofis suka mai da shi rabin albashi, daga baya suka sallame shi.

Tumakina na fara sayarwa, sai kekensa. Daga nan na kira wata tsohuwar dillaliya ta unguwarmu, na riƙa sauke mata tasoshin jerena.

Ta ce, "Ɗiyata, ki bar ko kaɗan don idon mutane."

Na ce, "Inna, idon mutane ba shi kai mu Sakkwato."

Wata rana ina ba Malam kunu, ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Ina tasoshinki?"

"Na ba da aro, ana biki a maƙwabta."

Ya ci gaba da shan kununsa. Can ya ce, "Bikin ga ya daɗe." Bai ƙara tambayata ba.

Da abin ya fi ƙarfina, wansa, da muke ce wa Yaya, ya zo ya kwashe mu zuwa gidansa a Kebbe. Manomi ne, ga iyali da yawa. Ya sayar da bijiminsa ya kawo wani mai maganin gargajiya, aka sha saiwoyi har sai da Malam ya daina ɗanɗanar abinci. Rumbu ya ƙare gero bai ko fid da kai ba. Ni da matar Yaya muka shiga soya ƙuli-ƙuli, hannuwanmu duk suka yi kanta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai na ga yadda take rage tuwon 'ya'yanta.

Ciki ya sake cika, Yaya ya jinginar da gonarsa ta fadama. Da Malam ya ji, ya sa aka kira shi.

"Yaya, a bar ni hakanan. Kada in cinye gonar ɗiyanka ina kwance."

Yaya ya ce, "Gona tawa ta, ba taka ba. Gobe muna tafiya Sakkwato."

Muka tafi, muka dawo, muka sake komawa. Na kai inda ko kuka ba na yi, barci kawai nake nema, ko a tsaye.

Malam ya rasu ana cikin girbi, ba a daɗe da raba Arewa jiha-jiha ba. Na yi takabata a nan gidan. Yaya bai samu ya fanshi gonar ba. Daminar da ta biyo baya, ni nake kai masa fura a can, yana noman ƙwadago wa mutumin da ya karɓi jinginar. Yakan sha ya miƙo mini ƙwaryar, ya ce in gaida gida, ya koma kan kunyarsa.