Rauta Mai Ƙaho Huɗu

Da ƙanwata ta haihu a Legas, Baba ya ce sai ya ga jikarsa a waya. Amma a gidanmu na Rikoto sabis na waya ba ya shiga ɗaki. Na tafi kasuwar Zuru neman rauta, na'urar nan da ke raba intanet a gida. Mai shagon abokina ne, sai ya ba ni na kamfani biyu in gwada: baƙa mai ƙaho huɗu, da wata ƙarama fara mai batir.

Baba tsohon soja ne. Yana ganin baƙar ya ce, "Wannan za mu ɗauka, ta yi kama da rediyonmu na bariki."

Muka haɗa ta da wuta muka kira ƙanwata. Fuskar jaririyar ta fito ke nan aka ɗauke wuta. Mama ta kunna farar ta ɗora a taga. Sai ga jaririyar ta dawo, tana hamma.

Baba ya kai wayar dab da hancinsa, ya daɗe yana dariya.

"Kunnuwana ta ɗauko," in ji shi. "Ɗana, mayar wa abokinka da baƙar."