Ragar Lofen Abarshi

Ran kasuwar Badaguishiri na ganta, a maƙerar da ke bayan 'yan albasa, inda na kawo gyaran gatari. Tsohuwa ce siririya, zanenta ya koɗe, hannuwanta duk kaushin aikin lambu. Ban san sunanta ba.

Tana tsugunawa gaban wuta, ta kwance bakin zane ta fiddo lofe, tukunyar shan taba. Da tsinke take zaƙulo 'yar ragar ƙarfen da ke cikinsa, wadda ke hana tokar taba shiga bakin mai sha. Maƙerin ya kama ragar da awartaki, ya ɗora kan garwashi. Haka ake tsabtace ta: wuta ta cinye baƙin taban da ya daskare, a kaɗe, a mayar.

Tsohuwar na ta matsawa, har zafi na dukan fuskarta. Ta lumshe ido, ta miƙa hanci, tana jiran hayaƙi. Ragar ta yi jawur, amma ko ɗan ƙanƙani bai tashi ba.

Sai na gane ba ita ke sha ba. Ina jin mai lofen ya daɗe a ƙasa, ƙanshin tabarsa ne ke kawo ta nan duk kasuwa.

"Inna," in ji maƙerin a hankali, "tun bara wuta ta cinye abin da maigidanki Abarshi ya bari. Ba sauran komi."

Ba ta buɗe ido ba.

"Ƙara zuga, ɗana," ta ce. "Hancina ne ya tsufa."